Allon da Madugu Ya Sha

Malam Manzo na Gangara mutum ne mai tafiya a hankali, mai magana a hankali, wanda ko sallama zai amsa sai ya ɗan jinkirta kamar yana duba ta. Su biyu uwarsu ta bari, shi da ƙanensa Ɗan Azumi, shekara shida tsakaninsu. Ubansu manomin hatsi ne, ba shi da komai sai gona da jakai biyu da suna mai kyau.

Tun yana saurayi Manzo ya tafi Damagaram, ya shekara tara a zauren wani malami yana karatun nahawu, ilmin nan da ake feɗe jimlar Larabci gaɓa-gaɓa, a ce wannan shi ne mai aiki, wannan shi ne aikin, wannan kuma a kansa aikin ya faɗa. Ya dawo da gafaka cike da littattafai da wani irin shiru da mutane ke girmamawa. Bai zama liman ba, don limanci da gidansa. Da damina yana duƙe a gona kamar kowa. Abin da ya ɗaga shi a idon gari shi ne ayari.

Kowace kaka, in hatsi ya shiga rumbu, madugu Aghali yakan gangaro daga wajen Belbeji da raƙumansa ɗauke da fatu da kanwa da cuku, ya yi zango a bayan Gangara kwana goma kafin ya nufi Kano. A ayarin Aghali mutum ɗaya tak ake ɗauka wanda ba ya jan akala, ba ya ɗaurin kaya, shi ne malamin hanya. Shi ke jan salla, shi ke rubuta wasiƙa, shi ke zama a daman madugu in ana magana da manya. Raƙuminsa daban, kuma in an dafa shayi shi ake fara miƙa wa. Shekara goma sha ɗaya Manzo ne a kan wannan sirdi.

Ɗan Azumi kuwa allo ya ƙi shi tun yana ƙarami, shi ma bai yi wa allo naci ba. Ya bi jakai zuwa Kano ya maƙale a can, shekara bakwai yana ɗaukar fatu zuwa sikeli a wani kanti kusa da tashar jirgi. Duk shekara Manzo kan same shi a nan, daga shi sai ɗan wando, yana warin jima, ya yi masa nasiha ya wuce. A shekarar da aka ce gwamna ya tashi daga Damagaram ya koma Yamai, sai ga Ɗan Azumi ya dawo gida farkon damina da akwatin ƙarfe da lema da Ingilishi a bakinsa.

Mutanen Gangara sun san Faransanci, daga nesa. Harshen kwamanda ne, harshen haraji da aikin dole, ba wanda ke roƙon a yi masa shi don nishaɗi. Ingilishi kuwa a wannan gefen ba shi da bulala, saboda haka ya zama abin kallo. Da la'asar in an taso daga gona sai ƙofar Ɗan Azumi ta cika.

"Kai Bakano, yaya suke ce wa akuya?"

Ya faɗa. Aka bushe da dariya.

Wata mata ta ce, "To mijina ba ya kawo cefane, zage mini shi da harshensu."

Ya miƙe, ya tura ciki gaba, ya sa hannu a ƙugu kamar Baturen kanti, ya zazzago wata magana doguwa ta hanci. Tsofaffi har da share hawaye.

Hanyar Manzo daga masallaci zuwa gida ta nan ta bi. Bai sake hanya ba, mutum irinsa ba ya sake hanya don dariya. Yakan dai yi sallama, a amsa masa da ladabi, a jira ya wuce a ci gaba. A zaurensa dattawa uku ke zuwa karatu, ɗaya yakan yi gyangyaɗi.

Hatsi na fitar da kai sai labari ya zo daga kasuwar Belbeji cewa Aghali ya tambayi labarin Ɗan Azumi. An ce madugun ya gaji da akawun sikeli da ke magana a bisa kansa kamar shi turmi ne, yana son kunne a Kano. An ce ya ce salla dai ko ɗan'uwansa Rissa yana iya ja. Wanda ya kawo labarin ya faɗe shi a zauren Manzo, yana kallon ƙasa. Manzo ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya buɗe littafi, ya daɗe a shafi ɗaya.

Kwana biyu bayan nan ya aika a kira masa ƙanensa.

"Zauna. Wannan abin da kake yi wa mutane, faɗa mini shi."

"Wane ciki, Yaya?"

"Kowane. In Bature yana son a ɗauko buhu, me zai ce?"

Ɗan Azumi ya faɗa. Manzo ya jawo wani tsohon allo mai ɓallallen kafaɗa wanda ya daina aiki da shi, ya rubuta abin da kunnensa ya ji da baƙaƙen Larabci.

"In fata yake so?"

Ya faɗa. Manzo ya rubuta a ƙarƙashi, ya dubi layukan biyu.

"Kalma nawa ce wannan?"

"Kalma? Magana ɗaya ce, Yaya. Haka ake faɗin ta."

Wani abu ya kwanta wa Manzo a ƙirji mai daɗi. Ashe ƙanen haɗiye su ya yi ɗungum, kamar kaza da tsakuwa. Bai san inda wata ta ƙare wata ta fara ba.

Daga ranar, kullum da hantsi sai ya kira shi. Ya sa ya faɗi magana biyu masu kama da juna, abin da ya zauna bai motsa ba ya ware shi gefe, abin da ya sauya ya ware shi gefe. Ya tara ƙwallayen dabino a tabarma, kowace kalma da ƙwallonta. A haka ya gano mai aiki ke shiga gaba a Ingilishi, aiki ya bi shi, ba kamar Larabci ba inda aiki ke jan ragama. Ya gano suna kiran launin abu kafin su kira abin. Ya tono wata ƴar mitsitsiyar kalma da ke maƙale a gaban sunaye, wadda Ɗan Azumi ya shekara bakwai yana faɗa bai san tana nan ba. Ya ga in za su yi tambaya sukan turo wata kalma gaba wadda ba ta ɗauke da kaya, ƴar rakiya kawai. Ranar da ya kama wannan bai ci tuwon rana ba.

Ɗan Azumi murna yake yi. Tun suna yara wansa bai taɓa tambayarsa wani abu ba sai ko ina ya kai jaki.

"Wallahi Yaya kai maye ne. Ni na sha rana, kai ka zauna a inuwa kana ƙirga masa haƙarƙari."

Raishatu, matar Manzo, ta kawo musu fura tana cewa, "Mijina ƙarami, yau kuma kai ne malamin? To Allah ya sa kada ka koya masa zagi."

"Uwargida, ai zagin ne rabin harshen."

Abin ya fara ɗaci ne da Manzo ya soma gina nasa. Ya jera ƙwallaye bisa ƙa'idar da ya fitar, mai aiki a mazauninsa, aiki a mazauninsa, ba abin da ya tsallake. Ya karanta a hankali. Ɗan Azumi ya karkace kai kamar mai ɗanɗana miya.

"A'a. Ba a faɗa haka."

"Don me?"

"Oho. Ba daɗi dai."

"Ina kuskuren? Nuna mini."

"Ban san inda yake ba, Yaya, amma yana nan." Sai ya sauya wurin ƙwallo biyu da ɗan yatsa, ya faɗa, maganar ta zauna daram.

Manzo ya kwana uku yana neman dalilin, ya same shi, dalili mai kyau kuwa. Amma me? Abin da ya haƙa rijiya ya samu, wancan a bakin tulu ya tsince shi, bai ma san ya tsinta ba. Shekara tara a Damagaram, cin ƙanzo, ciwon ido. Wannan da ko izu ɗaya bai haɗa ba.

Akwai kuma wata damuwa da bai gaya wa kowa ba, ta ruwan wankin allon. Maganar ta Nasara ce, ba a shan ta. Amma baƙaƙen na Alƙur'ani ne, ba a zubar da su inda ƙafa ke takawa. Sai ya riƙa wankewa da kansa, ya kai ruwan gindin wata aduwa a bayan gida, ya tona rami ya zuba ya rufe.

Aghali ya iso bayan an gama ɗaurin dammuna. Dogo ne, amawali har ƙarƙashin ido, yana Hausa a hankali irin ta mutanen arewa. Ya fara gaida Manzo kamar kullum, ya ba shi cuku. Sai dai washegari an ga takalmansa a ƙofar Ɗan Azumi tun hantsi har azahar.

Rana ta shida, bayan la'asar, mutane na zaune a gindin gawon kasuwa, madugu na tsakiya, Ɗan Azumi na yi musu Baturen kanti. Manzo ya zo ya zauna, abin da bai saba ba. Ya bari dariya ta lafa.

"Ɗan Azumi, maimaita ta ƙarshen nan."

Ya maimaita.

"Kalma nawa?"

Ɗan Azumi ya dubi wansa, murmushinsa bai gama sauka ba. "Haba Yaya."

"Madugu zai ɗora dukiyarsa a kunnenka. Kalma nawa?"

"Uku... ko huɗu."

Manzo ya zaro ƙwallayen dabino daga aljihu, ya jera bakwai a ƙasa. Ya taɓa kowanne ya kira shi da sunansa, wannan mai aiki, wannan aiki, wannan ƴar rakiya, wannan ita ce ke kore magana ta mai da i ta zama a'a. Ya ɗauke ɗaya ya ce ga abin da maganar ta koma. Ya mayar ya ɗauke wani. Murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa.

"Aku ma yana sallama," in ji shi, yana tattara ƙwallayensa. "Ba a dai aika shi kasuwa."

Dariyar da aka yi ba irin ta ɗazu ba ce. Ɗan Azumi ya taya su kaɗan, ya karkaɗe rigarsa, ya ce bari ya duba jaki.

Aghali ya daɗe yana kallon Manzo. "Malam, ashe kai ma kana jin sa?"

Manzo ya ce, "Ilmi na Allah ne."

Bai ce i ba. Amma ya san yadda za a ji shi, kuma haka aka ji. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa madugu ya ce sirdi na mai shi ne, nan da kwana huɗu za a tashi.

Sauran kwanakin Manzo bai ƙara kiran ƙanensa ba, shi ma bai zo ba. Ya cika allon nan mai ɓallallen kafaɗa da maganganun da aka fi yi a bakin sikeli, yana bitar su shi kaɗai, yana ƙoƙarin faɗin su da sauri. Harshensa ya ƙi. Ya san in aka zubo masa su yadda akawu ke zubowa, kafin ya kama mai aiki ayarin maganar ya wuce.

Al'ada ce ana gobe tashi malamin hanya ya rubuta wa madugu ayoyin tsari, a wanke ya sha. Da safe Manzo ya rubuta su a allonsa mai kyau, ya kai ɗaki ya ɗora a kan gafaka ya bushe. Ya dawo zaure ya koma kan bitarsa. Yana cikin haka aka zo da saƙon rasuwa daga wata tunga a hanyar Falanko, tsohon abokin ubansu ne, ba yadda za a yi ya ƙi zuwa. Ya jingine allon hannunsa a bango, ya leƙa cikin gida.

"In Madugu ya zo ban dawo ba, allo na nan. Ki wanke ki ba shi."

Raishatu ta sha yin haka. Ba ta karatu, amma ta san inda ake jingine allon madugu duk shekara, a zaure, jikin bango.

Rana ta karkata ya dawo. Ya tarar da Ɗan Azumi zaune a zauren yana tufkar igiya. Allo mai ɓallallen kafaɗa na kife a kan turmi, fes, ruwa bai gama bushewa a jikinsa ba. Manzo ya wuce ɗaki. Ayoyin tsari na nan kan gafaka, ko ɗigo bai taɓa su ba. Ya fito ya tsaya.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Ba ka hana ba?"

"Na shigo ƙwarya na bakinsa, Yaya. Har ya ce na bana ya fi ɗaci, lalle da ƙarfi."

"Ita ta sani?"

"Ba ta sani ba. Kada ka yi mata faɗa, inda ka saba ajiyewa ta ɗauka."

"Wa ka gaya wa?"

Ɗan Azumi ya ɗago kai. "Wa zan gaya wa? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tawada ce da ƙaro, ba ta kisa. Gobe ka wanke masa na gaskiyar ka ce ƙari ne, shi ke nan." Ya naɗe igiyarsa ya miƙe. "Na zo ne in ce maka, akwai akawu ɗaya mai tabo a goshi, shi yana jin Hausa sarai, yana ɓoyewa ne. In abu ya cakuɗe maka, shi za ka kama."

Ya fita. Manzo ya zauna inda ya tashi.

Da Ɗan Azumi ya yi dariya, da ya yi barazana, da ko kallon banza ya yi masa, da abin ya zo da sauƙi. Sai ga shi ya rufa asiri, ya nuna mafita, har da guzuri a kai. Aku. Manzo ya hango kansa a kan raƙumi kwana ashirin, a daman madugu, ana miƙo masa shayin farko, duk a inuwar bakin da wancan ya rufe. Ya hango baɗi, da baɗin baɗaɗa. Harshe dai an ba yaron kyauta, an gani. Yanzu kuma har wannan? Raishatu ta kawo tuwo ta ɗauke shi yadda ta kawo.

Gari ya waye ana ɗaurin kaya a zango, raƙuma na ruri, mutanen gari sun fito rakiya. Manzo ya zo da allo mai kyau a hammata da ƙwaryar ruwa, ba gafaka, ba buta. Ya durƙusa gaban Aghali a idon kowa.

"Madugu, abin da ka sha jiya ba naka ba ne. Kuskurena ne, ba na iyali ba. Ingilishi ne."

Hannun Aghali ya tsaya a kan igiya. "Me na sha?"

Manzo ya dubi ƙasa, ya karanto da Hausa, a hankali, kamar yadda yake karanta komai. "Wannan fata ta ruɓe. Wannan ma ta ruɓe. Ba ma saye yau. Kai malalaci ne. Kwashe kayanka ka tafi."

Wani a baya ya toshe baki da hula. Rissa ya juya yana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Aghali bai yi dariya ba, mutumin da ke da raƙuma talatin ɗauke da fatu ba ya dariyar irin wannan. Ya miƙa hannu, Manzo ya wanke ayoyin a gabansa, ya karɓa ya juya baya ya sassauta amawali ya shanye, ya shafa sauran a fuska da wuyan raƙumin gaba.

Sannan ya juyo. "Malam, in akawu ya faɗi waɗannan a kan fatuna, za ka ji?"

Manzo ya yi jinkirin nan nasa, ya fi na kullum tsawo.

"In ya faɗa a hankali. Ya maimaita sau uku. Da allo a hannuna."

"Akawu ba ya maimaitawa," in ji Aghali. Bai faɗa da fushi ba. Ya waiga cikin taro. "Ina Bakanon nan? A ce ya ɗauko bargonsa."

Ɗan Azumi ya zo da gudu, yana duban wansa yana duban raƙumin. Ya buɗe baki, Manzo ya riga shi.

"Majayin sirdin nan na hagu yana sakewa, ka riƙa dubawa. Kuma ba a fara shan shayi sai madugu ya ce bismilla. Kada ka kunyata mu."

"To, Yaya."

Shekara shida Ɗan Azumi ya yi a kan sirdin, har hanyar ta fara mutuwa. Duk dawowa yakan sauka gidan wansa kafin nasa, da goro da turmin alawayyo na Raishatu, da sababbin maganganu da ya tsinto a bakin sikeli ya riƙe su a ka. Manzo kan ce ba shi da sukuni yanzu. Bayan kwana biyu sai a ji ya aika a kira shi. A haka ya cika takardu da yawa da ƙa'idodin harshen da bai taɓa jin mai shi ya yi ba, an ce har wani tafinta daga Damagaram ya taɓa zuwa ya duba su ya girgiza kai.

In baƙo ya ce a gabansa, ai ƙanenka ya iya Ingilishi, sai Manzo ya ce, "Yana faɗa dai."

Kuma bai sake fita rakiyar ayari ba. Duk ranar tashi sai a tarar wani aiki ya taso masa a rumbunsa na arewacin gari, inda ko ƙurar raƙuma ba a hangowa.